Gyambon Gwaggo ne ya kai ni gidan sistoci a Al-Ubayyid

Ƙanin kakana na wajen uba ya bar ƙauyenmu a ƙasar Kano da ƙafa da niyyar aikin hajji tun ba a haifi babana ba, ya bi ta Maiduguri ya ratsa Chadi ya shiga Darfur ta Aljunaina, yana tafe yana ƙwadago a gonakin mutane dan haɗa guzuri kamar yadda dubban mutanenmu suka yi a wancan zamanin. Allah ya nufa ya sauke farali, amma a hanyar dawowa sai ya yada zango a Al-Ubayyid ya yi aure, zangon da bai tashi ba kenan har ya koma ga Mahaliccinsa. A cikin 'ya'yansa biyu ne suka rage, Baffa da ƙanwarsa Gwaggo. Ranar da na samu gurbin karatun aikin jinya a Khartum babana bai ce min komai kan karatun ba sai da ya fara ɗaure ni da alƙawarin zan je na gaishe su.

Farkon 2022 na samu hutu, lokacin kuma Khartum ba daɗi, tun juyin mulkin Oktoban 2021 kusan kullum zanga-zanga, a rufe gadoji a ɗauke intanet, ga layin burodi ga tsadar komai, dan haka ni kaina ina neman inda zan sha iska. Da asuba na hau bas a Mina Barri, babbar tashar motar Khartum. Hanyar ta bi gefen Farin Nilu ta Jabal Auliya har Rabak, muka haye gada zuwa Kosti, daga nan aka miƙe yamma, Tandalti, Umm Ruwaba, sai naga ƙasa ta sake kama, jan yashi ko'ina da kukoki manya-manya da bishiyar dakwara da ake ɗebo ƙaro a jikinta. Kusan duk inda aka tsaya shan shayi sai kunnena ya tsinto Hausa, in ba wajen mai agashe ba to wajen mata masu gyaɗa da godogodo. Bayan la'asar muka shiga gari.

Al-Ubayyid ita ce babban birnin Kordofan ta Arewa, garin kasuwar amfanin gona ne, ƙaro da riɗi da gyaɗa da zoɓo nan ake hada-hadarsu, ƙaron ma duniya ta san da zaman kasuwar. Abun da ba su da shi shi ne ruwa, a unguwarsu Gwaggo sai dai amalanken jaki ya kawo a duro a saya. Gwaggo da ta ganni ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka tana cewa "ɗiyata, ashe zan ga jinin gidanmu da idona", ita da bata taɓa taka Najeriya ba. Hausarta tsohuwar Hausa ce mai daɗi da Larabci ya ratsa ta ta ko'ina, jikokinta kuwa ji suke amma da Larabci suke mayarwa. Aka cika ni da asida, tuwonsu, da miyar busasshiyar kuɓewa, maƙwabta suna ta shigowa kallon 'yar Kano.

Washegari na lura tana ɗingishi. Ciwon suga gareta, kuma wani gyambo ya kama ta a tafin ƙafa kusa da babban ɗan yatsa, irin wanda duk mai aikin asibiti yake tsoro. Nace Gwaggo bari na duba, ina buɗewa naga ɗauri ne na wanda ya san hannunsa, gefen ciwon tas, ba wari, naman ciki ja yana tasowa. Nace wa yake miki wankin nan? Tace rahibat, wai sistocin Katolika. Tace a wani asibiti an riga an ce mata sai dai yanka, maƙwabciyarta ce ta ja ta wajensu, watanni kenan tana zuwa. Ni a Kano iyakar sanina da sistoci shi ne wucewa ta gaban makarantar St. Louis a Bompai, ban taɓa magana da ko ɗaya ba. Ranar komawarta nace zan raka ta.

A raksha muka je, wato adaidaita sahun can. Gida ne mai katanga da ƙofar ƙarfe, randunan ruwa biyu a bakin ƙofa dan masu wucewa, ciki kuma dogon yaro ya yi inuwa an jera bencina mata sun cika su da tob ɗinsu, wato laffaya, kala-kala da yara a cinya, yawancinsu musulmi. Ɗakin wankin ciwon ƙarami ne, gado ɗaya, teburi, tukunyar dafa kayan aiki a kan risho. Wadda ta karɓe mu tsohuwa ce 'yar Italiya, siririya, farar riga da ɗan mayafi, ga Larabcin Sudan a bakinta radau. Ta durƙusa a ƙasa ta ɗora ƙafar Gwaggo a cinyarta, ta warware bandejin a hankali, ta kai hancinta kusa ta shinshina, ta danna gefe-gefe tana tambaya kina ji nan, nan fa, sannan ta sa almakashi ta gyare mataccen naman ta wanke da dafaffen ruwan gishiri. Mu a makaranta an koya mana duk wannan a allo, amma ranar na fara ganin wanda yake yinsa ba gaggawa ba ƙyama, alhali layi na jiranta a waje. Silifas ɗin Gwaggo ma ashe ita ta fafe masa rami daidai wajen ciwon dan kar nauyin jiki ya dinga sauka a kai. Tana ɗauri tana faɗa, "ya hajja, cokali nawa na suga kika zuba a shayin safe, faɗa min gaskiya", Gwaggo tace biyu, sistar tace to jiya uku ne kenan mun ci gaba, duk ɗakin aka sa dariya.

Abun da ya ƙara tsaya min shi ne katunan. Kowane mara lafiya da katinsa da aka rubuta da hannu, an jera a akwatunan katako, na Gwaggo har da zanen faɗin ciwon duk zuwa, kana gani kasan yana tsukewa. Wasu katunan sun yi ruwan ƙasa dan tsufa, rubutun da ke kansu na sistocin da suka daɗe da mutuwa ne ko aka mayar wani wuri. Kuɗin da ake biya kaɗan ne, wadda bata da shi a rubuta ta a wuce.

Da ta ji ɗalibar jinya ce ni sai tace in ina da lokaci hannu baya yi musu yawa. Haka na dinga zuwa da safe har hutuna ya ƙare, ina yanka gozi ina naɗe bandeji ina auna nauyin yara masu tamowa, kuma a nan na ga yadda suke rayuwa. Ba su da yawa a gidan. Banda tsohuwar akwai 'yar Eritiriya mai kula da ajin ƙananan yara, da 'yar Uganda wadda ita ce shugabar gidan duk da tsohuwar ta kusa haifarta, da wata matashiya ungozoma daga duwatsun Nuba wadda muka fi shaƙuwa da ita.

Komai nasu da ƙararrawa yake tafiya. Ta farko kusan tare da kiran assalatu take kaɗawa, su shiga ɗan ɗakin ibadarsu su zauna shiru kowa da tunaninta, sannan addu'ar safe wadda yawancinta Zabura ce, suna rabuwa gefe biyu wannan gefe ya karanta layi wancan ya amsa, sai babbar ibadarsu ta kullum da fada, wato limamin coci, yake jagoranta. Daga nan karin kumallo, ful, wato dafaffen wake, da burodi da shayi, kowa ta kama aikinta har azahar. Su ɗan koma ɗakin ibada, su ci abinci tare a teburi ɗaya, su kwanta kaɗan saboda zafin rana, da la'asar kuma bibbiyu su shiga unguwa duba waɗanda ba sa iya zuwa, tsofaffi da masu jego da masu shanyewar jiki. Magariba addu'ar yamma, abincin dare, sai wani ɗan lokaci da dole kowa ta zauna a yi hira tare ana ɗinki ana jin labarai, ko da kuwa ranar an ɓata wa juna. Addu'ar kwanciya na ƙarewa shikenan an rufe baki sai gari ya waye. Girki da wanke-wanke da shara juyi ake yi, shugabar ma na ganta da tsintsiya a tsakar gida. Ni ban taɓa shiga ɗakin ibadar suna ciki ba, ba kuma wadda ta ce na shiga. In azahar ta yi akwai buta da tabarma da suka ajiye dan marasa lafiya, 'yar Eritiriyar ce ta nuna min alƙibla ranar farko.

Wata rana muna naɗe bandeji da ungozomar na tambaye ta yadda ake zama sista, dan ni a zatona yarinya ce kawai za a kai a sa mata mayafi. Tace ina, abun yana cin shekaru. Da farko ki zo ki zauna da su a ga halinki ke ma ki ga nasu, sannan ki shiga zaman horo na musamman wanda dokar cocinsu ta ce kar ya gaza shekara ɗaya, galibi ma biyu ake yi, sannan ki ɗauki alƙawari na wucin gadi ana sabuntawa na tsawon shekara 3 zuwa 6, duk a cikin wannan lokacin kina iya cewa kin fasa su ma suna iya cewa ki koma gida, sai bayan nan ne alƙawarin har mutuwa. Alƙawuran uku ne, ba aure, ba mallakar komai, sai biyayya. Albashin da ake biyan wadda take aiki a waje asusun gida yake shiga, in sabulu kike so ko kuɗin mota sai kin tambaya. Wayar hannunta ma tace ta gida ce aka bata riƙo.

Ta tashi ne a cikin yaƙin duwatsun Nuba, tace sistoci ne suka koya mata karatu a gindin bishiya. Ranar da ta faɗa wa mahaifiyarta abun da take so, uwar ta yi kwanaki bata ci abinci ba, ba shanun sadaki ba jikoki, a wajensu kamar an yi asarar 'ya ne. Na kasa haƙuri nace ke kuwa kina karɓar haihuwa kullum, ba kya jin sha'awar naki? Tace "ina ji mana, ni ba dutse ba ce. Amma ba shi ya fi min wuya ba." Wai abun da ya fi wuya biyayya ce, akwai garin da ta yi shekaru ta san kowace mai ciki da sunanta, takarda ɗaya ta zo aka ce ta tattara ta taho nan, ta yi kuka ta taho. Sai kuma zama da matan da ba ke kika zaɓe su ba, kowa da yarenta da abincinta da halinta, wata mai faɗa wata mai ƙorafi, kuma ba gidan da za ki yi yaji ki tafi. Nace mu Hausawa muna cewa zo mu zauna zo mu saɓa, na fassara mata, ta yi ta dariya tace sai ta faɗa a teburi da dare.

Ita ce ta bambance min cewa su kansu iri biyu ne. Akwai na kulle, irin su Karmel da masu bin ƙa'idar Benedikt da aka rubuta tun ƙarni na 6, waɗanda in sun shiga gidan ba sa fitowa sai da babbar lalura, rayuwarsu addu'a ce da aikin hannu, ko danginsu ne suka zo a wasu gidajen ta bayan raga ake gaisawa. Sai irinsu masu fita hidima, makaranta da asibiti da gidan marayu, amma tsarin ƙararrawa da addu'a da zaman tare daga wajen na kullen suka gado shi.

Zuwana ya zo daidai da shirin bikin 8 ga Fabrairu, ranar Bakhita, dan haka ta ja ni muka je babbar cocin garin kai furannin takarda da yaran aji suka yi. Gini ne babba mai doguwar hasumiya da aka gama a 1964, na tsaya daga bakin ƙofa ina hango zanen bangon gaba, Nana Maryamu a tsakiya, gefe wani bature mai gemu gefe wata baƙar mace. Baturen shi ne Daniel Komboni, ɗan Italiya da ya kafa ƙungiyar sistocin mishan a Verona a 1872, ya mutu a Khartum a 1881 yana da shekara 50, sunansa ne a kan makarantun Komboni da manyan 'yan bokon Sudan da yawa musulmi suka yi karatu a ciki. Macen kuma Josefin Bakhita ce, kuma labarinta ne ya hana ni barci ranar.

'Yar Darfur ce, an haife ta wajen 1869 a yankin Nyala. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta, tsoro da wahala suka sa har sunanta na yanka ta manta, Bakhita ɗin su suka laƙaba mata. A wannan garin na Al-Ubayyid da nake tsaye aka sayar da ita, a gidan wani hafsan Turkawa aka tsattsaga jikinta da reza har wuri 114 ana cusa gishiri a ciki dan tabon ya tashi. Daga baya wani jami'in jakadancin Italiya ya saye ta a Khartum ya tafi da ita ƙasarsu a 1885, aka bayar da ita raino a wani gida. Da uwar gidan za ta yi tafiya sai ta ajiye ta wajen sistocin Kanosa a Venis, da ta dawo ɗaukarta Bakhita tace bata zuwa, magana ta kai gaban hukuma, a Nuwamban 1889 aka yanke cewa ba mai iko da ita. Ta shiga addininsu a 1890, ta ɗauki alƙawarin sista a 1896, ta ƙare rayuwarta a wani gari Skiyo tana girki tana tsaron ƙofa har ta mutu ranar 8 ga Fabrairun 1947. Paparoma John Paul na biyu, wanda ya zo Khartum a 1993, shi ya sa ta cikin waliyyansu a shekarar 2000. Na dinga tuna cewa hanyar da aka koro ta da ƙafa daga Darfur zuwa nan kusan ita ce hanyar da alhazanmu suke bi, kuma ƙasar Hausa ma an yi wannan cinikin, kasuwannin bayi ba a Sudan kaɗai suka ci ba. Yarinyar da ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinta, wuri na farko da aka ɗauke ta mutum shi ta riƙe, ni dai ban ga ta inda zan zarge ta ba, zargin yana kan waɗanda suka sace ta suka sayar.

Baffa bai ji daɗin zaryar da nake yi ba. Shi ɗan Ansar ne na gaske, wato mabiya Mahadin Sudan, safe da yamma sai ya karanta ratibin Mahadi, littafin addu'o'insa. Wani dare muna tsakar gida kan gadajen igiya ana shan jabana, wato gahawa, ya kira ni yace "'yar nan, zo nan. Kin san abun da ya kawo mutanen nan ƙasar nan?" Yace mishan ba dan gyambo suka ƙetaro teku ba, addininsu suka zo yaɗawa, magani da makaranta hanya ce. Yace mutanenmu na farko gudun mulkin Nasara ne ya fito da su, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya jawo sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu inda garin Mai Wurno yake yanzu, to ta yaya jikokinsu za su koma suna zarya gidan mishan. Gwaggo tace "Yaya, ni dai tunda nake zuwa ba wadda ta taɓa miƙo min littafi, ƙafa na kai musu ƙafa suka duba." Ya yi shiru yana juya finjalinsa. Can sai shi da kansa yace to gaskiya ɗaya ce, Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya faɗa cewa a cikinsu akwai malamai da masu gudun duniya kuma ba sa girman kai, kuma Sayyidina Abubakar da zai tura runduna ya yi wasiyya kar a taɓa waɗanda suka killace kansu a ɗakunan ibada. Amma yace kar na manta a Suratul Hadid an ce wannan ƙauracewa auren su suka ƙirƙiro wa kansu, ba a ɗora musu ba. Bai hana ni zuwa ba, yace dai na riƙe sallata.

Da safe na tambayi tsohuwar ko gaskiya ne yaɗa addini ya kawo su. Bata yi kwana-kwana ba, tace Komboni da wannan niyyar ya zo, tsarin da ya rubuta a 1864 ma cewa yake 'yan Afirka ne za su kai saƙon ga 'yan uwansu, kuma ita da zan karɓi addininta da ta yi murna, amma bata sayar da bandeji da imani, wanda ya zo da ciwo ciwo za a duba. Sannan ta bani labarin da Baffa bai bani ba. Lokacin da Mahadi ya ci Al-Ubayyid a Janairun 1883 an kama 'yan mishan ɗin garin har da sistoci aka haɗa su da na garin Dilling da aka kama tun 1882, a cikinsu akwai Fortunata Kwashe, 'yar Nuba da aka fanso daga bauta, baƙar fata ta farko a ƙungiyar. An matsa musu su bar addininsu, an wahalar da su, daga ƙarshe aka ɗaura musu aure da Girkawan da ke tsare dan kar a raba su gidajen mayaƙa. Shugabarsu Teresa Grigolini ita auren ya zama na gaske a kanta, ta haihu, ta zauna a Umdurman har aka ci garin a 1898, wasu daga cikin 'yan uwanta sun samu guduwa ita ta kasa komawa rayuwar da ta yi alƙawari, kuma da ta koma Italiya mutanenta sun daɗe suna mata kallon wadda ta karya alƙawari. Ta mutu a 1931, sai bayan shekaru masu yawa aka mayar da ƙasusuwanta kusa da sauran sistoci a Verona. Tana bani labarin tana yanka filasta, ba ɗaci a muryarta, jikokin Ansar ɗin kuma suna zaune a benci suna jiranta.

Ni musulma ce, aure sunna ne kuma ina fatan yinsa, ban fito gidan nan da sha'awar rayuwarsu ba, kuma maganar Baffa kan niyyar mishan gaskiya ce tunda su ma ba su musa ba. Amma akwatunan katin nan sun tsaya min a rai. Mu wallahi ba a fi mu kyauta ba, azumi ya zo a raba buhuna, a gina masallaci a haƙa rijiya, wani attajiri ya gina asibiti sukutum ya bayar. Inda muke da rauni shi ne wanda zai durƙusa gaban gyambo ɗaya yau da gobe da jibi har ya warke, in ya mutu wani ya ɗauki katin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Su sun gina abun ne yadda ba ya dogara da mutum ɗaya, shugaba ma wa'adi gareta ta sauka ta koma wanke-wanke. Kuma ba sai an bar aure ake iya wannan ba, Nana Asma'u 'yar Shehu da aurenta da 'ya'yanta ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis, wato jagorori mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, abun ya rayu bayan rasuwarta a 1864 saboda tsari ne ba farin jinin mutum ɗaya ba. Mu 'yan aikin jinya mata musulmi da muka cika asibitoci yanzu me zai hana mu haɗa irin wannan a unguwanninmu, ko da wankin ciwon masu suga ne kawai, da rajista da juyi da wanda zai gaji wani.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke ina Khartum, ina cikin ɗaliban da aka kwaso a bas ta iyakar Masar, karatun sai a gida na ƙarasa. Tun daga nan duk labarin da ya shafi sistocin Sudan sai na bi shi. A unguwar Shajara ta Khartum akwai gidan Dar Maryam na sistocin Salesiyan, su biyar da fada ɗaya, suka ƙi fita suka buɗe ƙofa mata da yara da tsofaffi suka cika gidan, ga shi dab da barikin tankokin yaƙi inda wuta ta fi tsanani. Ranar 3 ga Nuwamban 2023 bam ya faɗa kan benen, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, suka ci gaba da zama cikin yunwa har sai a 2024 aka fitar da su. Al-Ubayyid ita ma an yi mata ƙawanya kusan shekara biyu, tun kwanakin farko rokoki suka faɗa harabar babbar cocin nan, bishop ɗin garin Yunan Tombe Trille ya zauna bai gudu ba, sai a Fabrairun 2025 sojoji suka buɗe hanyar Kosti.

Gwaggo tana nan da ranta da ƙafarta biyu, ciwon ya rufe tun kafin yaƙin. In an samu layi mukan yi magana. Tace tsohuwar an fitar da ita ba da son ranta ba saboda shekaru, ungozomar da shugabar suka zauna, magani ya ƙare har zanin gado suke yagawa su dafa su yi bandeji, ga 'yan gudun hijira sun ƙaru a benci. Ruwa ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, tace jikan Baffa mai amalanken jaki duk sati yana sauke musu duro ba ya karɓar ko sisi. Nace wa ya sa shi? Tace Baffa ne, kuma har gobe in aka tayar da zancen mishan maganarsa tana nan yadda na san ta.